Masu Yanke Akwatin Iska Ne Ke Kashe Mana Injina

Duk mai bin harkar motoci ya ji maganar da wani ogan gareji ya yi, ba sai na maimaita ta duka ba. Gundarinta dai shi ne wai kamfanonin Japan da gangan suke shaƙe inji cikin baƙin akwatin roba, kuma wanda duk ya tumɓuke akwatin ya ɗaura bututun ƙarfe mai sheƙi da jan mataci a bakinsa, to motarsa ta ƙaru da doki goma sha biyar nan take. Samari suka yi ta tafi, ban ji wanda ya tambaye shi da me ya auna dawakin ba. Da kunne ya auna su, kuma kunnen ne ke sa masu mota zaro kuɗi, domin abin da kawai ya tabbata bayan wannan aiki shi ne motar ta koyi gurnani.

Abin da inji ke buƙata daga iska shi ne nauyinta. Kowane kilo ɗaya na fetur yana neman iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, kuma iska idan ta yi zafi buɗewa take yi, nauyin da ke cikin kowace lita ya ragu da kusan kashi 3 cikin ɗari a duk ƙarin digiri 10. Akwatin da ake raina wa yana da hanci da ke miƙewa zuwa gaban mota ko gefen taya, yana jawo iskar waje. Shi kuwa jan matacin nan ina ake ajiye shi? A tsakiyar ɗakin inji, bayan lagireto, wani lokaci taku ɗaya daga bakin salansa. A Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu iskar waje kanta tana kai digiri 40, ta ƙarƙashin bonet kuwa a cikin cunkoso tana iya haura 65 har 70. Daga 40 zuwa 70 an yi asarar kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyin iskar, sannan ƙwaƙwalwar mota, da ta ga iskar ta yi zafi, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don kada inji ya riƙa ƙwanƙwasa. An rage ƙarfi sau biyu ke nan, kuma mai mota ne ya biya aka rage masa. Za su ce ai in mota ta kama gudu iska na ratsa bonet ta sanyaya komai. Su faɗa wa wanda ke bin titin Zariya da ƙarfe biyun rana.

Sai batun faɗi. Akwai wata aƙida a garejinmu cewa bututu in ya fi faɗi ya fi kyau, shi ya sa za ka ga an ɗaura wa Camry ko Accord mai injin lita 2.4 bututun inci huɗu. Lissafin ba shi da wuya. Inji mai bugu huɗu yana shaƙar cikinsa sau ɗaya a duk juyi biyu, saboda haka lita 2.4 a juyi 6,000 cikin minti ba za ta wuce lita 7,200 ba, wato lita 120 a daƙiƙa, kuma wannan sai an take totur har ƙasa. Bututun milimita 70 yana ɗaukar wannan ba tare da wahala ba, iskar na tafiya kamar mita 31 a daƙiƙa. Bakin totur ɗin kansa a irin waɗannan injina bai fi milimita 60 da 'yan kai ba. Ka kawo bututun milimita 100 ka haɗa shi da wannan ƙofa, me ka ƙara? Iskar dai ta nan za ta bi. Abin da ka samu shi ne mummunan mahaɗi inda faɗi ya tsuke farat ɗaya, iska ta riƙa murɗewa a wurin, ga gwiwoyin da mai walda ya yanka ya liƙa da kaifin kusurwa, kowace ɗaya tana tauye iskar fiye da yadda akwatin asali ya taɓa yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake wulaƙanta ma'aunin iska, wanda makanikai ke kira iyafulo. 'Yar siririyar waya ce a cikinsa da ake ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan ƙwaƙwalwa ke gane yawan iskar da ta shiga. Amma ɗan kaɗan yake ɗanɗana daga iskar, sauran lissafin ya dogara ne da faɗin gidan da kamfani ya saka shi a ciki. Ka cire shi daga gidan milimita 70 ka huda bututun milimita 76 ka cusa shi, faɗin hanyar ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari, shi kuwa bai sani ba. Sai ya riƙa ba da rahoton iska ƙasa da wadda ta shiga, ƙwaƙwalwa ta ba da fetur kaɗan, wuta ta yi zafi fiye da ƙima. A tafiyar yau da kullum ma'aunin hayaƙi na salansa yana taimakawa a gyara, har sai gyaran ya kai iyakarsa fitilar cek injin ta kama, sikana ta nuna P0171. A nan ne za ka ji hukuncin da aka saba: wai iyafulo ɗin ne ya mutu, a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo wani. A sayo, a ɗaura, bayan kwana biyu fitila ta dawo. Daga ƙarshe a cire ƙwan fitilar, ko a liƙe ta da baƙin salatif, a ce wa mai mota an gama aiki. Na ga wannan da idona a mota fiye da ɗaya, har da wadda aka bar tiyon numfashin inji yana reto babu inda aka haɗa shi, yana zuƙar ƙasa kai tsaye.

Ƙura kuwa ita ce babbar maganar, kuma ita ce wadda masu kwaikwayon bidiyon Amurka da Japan ba su taɓa tsayawa sun yi tunani a kanta ba. Lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Tankin lita 60 ke nan ya wuce da iska sama da lita dubu ɗari biyar ta cikin injinka. Wace irin iska? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, ta zube mana ita har jirage kan kasa sauka a Kano. Cikin ƙurar nan akwai garin yashi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Matacin takarda mai kyau yana tare sama da kashi 99 cikin ɗari, akwai ma ƙa'idar gwaji ta duniya, ISO 5011, da ake auna wannan da ita. Matacin auduga mai shan mai yana barin iska ta wuce da sauƙi ne domin ramukansa sun fi buɗewa, babu wani sihiri a ciki. A ƙaddara wani ya tare kashi 99.5, wani 97. A ido bambancin kaɗan ne, amma ƙurar da ta wuce ta ninka sau shida. Wannan ma na kirki ke nan. Jabun da ke rataye a shagunan kayan ado na mota, wanda in ka ɗaga shi sama kana hango rana ta cikinsa, babu wanda ya taɓa gwada shi. Ƙurar ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge ringi da bangon silinda a hankali, bayan shekara ɗaya ko biyu mota ta fara shan mai tana shuɗin hayaƙi, a ce wai injin Kwatano ne ba shi da ƙwari. Man da ake shafa wa matacin ma ba ya zama wuri ɗaya, yana bin iska ya lulluɓe wayar iyafulo.

Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan inji ba sa wannan wasa. Direbobin Land Cruiser da ke ratsa hamada daga Agadas suna ɗaga hancin iskar motarsu har saman gilashi don ya kauce wa ƙurar taya, da yawa da kwanon da ke juya iska ya zubar da yashi kafin ta isa mataci. Haka tantan ɗin noma take. Waɗannan ƙara kariya suke yi, yaranmu na birni kuwa suna cire wadda suka tarar.

Wai kuma 'yan ƙananan akwatunan da ke manne a jikin tiyon asali ba su da amfani, kurum don a kashe ƙara aka sa su. Iska a cikin bututu tana kai da komo ne kamar igiyar sauti duk lokacin da bawul ya buɗe ya rufe, kuma tsawon hanya da girman akwati su ke yanke a wane juyi wannan kai da komon zai taimaka wajen cusa iska cikin silinda. Doguwar hanya tana ba da ƙarfin tashi, gajera tana ba da ƙarfin ƙarshen gudu. Tun 1960 kamfanin Chrysler ya sa wa motarsa 300F bututai masu tsawon inci 30 da ke tsallake saman inji saboda wannan dalili. Mazda 787B da ta ci tseren Le Mans a Faransa a 1991 bututanta miƙewa suke yi su tsuke gwargwadon juyin inji. Toyota ta sa wa injinanta na V6 wani bawul da ke sauya tsawon hanyar iska, tana kiran tsarin ACIS. Waɗannan mutane sun ƙarar da shekaru a ɗakin gwaji, sai wani mai zarto da abin walda ya gyara musu kuskure cikin awa ɗaya.

Na san za a ce motocin tsere ai buɗaɗɗen mataci suke sawa. Motar tsere ana sauke injinta a kai a kai, kuma ba ta kai yara makaranta. Za a kuma ce hancin da ke fuskantar gaba yana tura iska da ƙarfin gudu. A kilomita 120 cikin awa wannan turin bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Masu wayon da suka gane matsalar zafi suka zura matacin ƙasa kusa da bamba kuma, damina na jiransu: ruwa ba ya matsuwa, kofi guda in ya shiga silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin.

Gaskiyar magana, wannan duk reshe ne na tsohuwar cutar da na daɗe ina faɗa da ita, wato aƙidar cewa duk abin da bakanike bai gane ba, cirewa ne maganinsa. Hannun da ke yanke akwatin iska yau shi ne ya shekara talatin yana cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne, ya haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota. Inji ya kasa kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 85 zuwa 90, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da zuba fetur, a wannan zamani da kowa ya san kuɗin lita tun bayan cire tallafi a 2023. Shi ne kuma ke fasa tukunyar salansa ya kwashe matacin hayaƙin da ake kira indomi, ya ce maka ya toshe, alhali ya san inda ake sayensa saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Duk lokacin da na yi wannan magana sai a ce na raina masu sana'a. Ina girmama bakaniken da ke aunawa kafin ya kwance, kuma muna da su. Wanda ya mayar da motar mutane wurin gwajin jita-jita ne ba na ragawa.

Wanda ya yi wa injinsa aiki na gaske, ya sa turbo ko ya sauya kamshaf, buƙatarsa ta iska ta ƙaru, babu musu. Shi ma ƙa'idar ba ta sauya ba: rufaffen akwati mai jan iskar waje, babban matacin takarda, bututu daidai da bakin da zai shiga, gwiwoyi masu laushin lanƙwasa, miƙaƙƙen wuri kafin iyafulo, sannan a sake saita ƙwaƙwalwar ta san abin da aka yi.

Kai kuma mai mota, kafin ka ba da kuɗinka, ka sani motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin soka sikana, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ka sa a karanta maka zafin iskar da ke shiga inji da yawan gyaran fetur da ƙwaƙwalwa ke yi, da akwatin asali a jiki, da rana tsaka, a cikin cunkoso. In an ɗaura bututun a sake karantawa a gabanka. Ogan da ya ƙi yarda da wannan gwaji, karɓi makullinka ka tafi. In kuwa an riga an cire maka akwatin, je ka nemo shi tun kafin hunturu ya shigo.