Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Manomin da Mota Ta Kaɗe Bai San Ƙofarku Ba

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, da shugabannin rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a jihohin Arewa.

Ranku ya daɗe,

Na rubuto muku ne a kan wasu bayin Allah da doka ta ɗora muku nauyinsu, amma yawancinsu ko sunan hukumarku ba su taɓa ji ba. Ina nufin manoman karkara da mota ke kaɗewa, ko ta kife da su, a hanyar gona da hanyar kasuwa.

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a kakar tumatir ya san abin da nake faɗa. Daga Kura zuwa Kadawa, daga Kwanar Gafan zuwa Kwanar Ɗangora, babur ɗauke da kwanduna ne ke rabon kwalta da tirela, ga amalanken shanu na tsallakawa, ga 'yan ƙwadago a saman kaya. Haka abin yake ranar kasuwar Makarfi ko ta Maigatari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce mutum 5,421 ne suka rasu a titunan Najeriya a 2024, fiye da 31,000 kuma suka ji rauni. Wannan abin da ya shiga littafinta ke nan. Wanda aka ɗauka daga bakin titi aka wuce da shi gidan mai ɗori, ko aka yi masa sutura kafin la'asar, ba lallai ne a ƙirga da shi ba.

Ga yadda al'amarin ke gudana, kuma na tabbata lauyoyinku na jihohi za su gaskata ni. An kaɗe mutum da hantsi. Kafin azahar direba da motarsa suna ofishin 'yan sanda. Washegari mai mota ya turo wakili, shugaban tasha ya zo, mai unguwa ya zo, yayan wanda aka kaɗe ya zo ko karyawa bai yi ba. A zauna a benci ƙarƙashin darbejiya. Wani dattijo ya yi nasiha cewa ƙaddara ta riga fata, direban nan shi ma talaka ne mai iyali. A miƙa 'yan kuɗi a ambulan, a ce na magani ne. A rubuta takarda da Turanci cewa dangi ba su da sauran ƙorafi, yayan ya dangwala babban yatsa, a saki mota. Mai ciwon kuwa yana kwance, babu wanda ya ji ta bakinsa, likita ma bai gama sanin ko ƙafar za ta tsira ba. Kafin a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala kuɗin ambulan sun daɗe da ƙarewa. Daga nan sai a fitar da shanun huɗa kasuwa, bayansu a jinginar da fadama.

Ku lura da lokaci, domin shi ne ya raba manomi da ma'aikacin ofis. Ma'aikaci ya karye, albashinsa na shiga. Manomi ya karye a watan Yuni, ya rasa huɗa, ya rasa noman farko da maimai, wato ya rasa abincin shekara guda, ga bashin taki da iri na jiran sa a kaka.

Ba yafiya nake suka ba. Yafiya halin kirki ce, addini ya kwaɗaitar da ita, kuma ita ke riƙe da zumunci a garuruwanmu. Abin da ke damuna shi ne mutum ya yafe haƙƙin da bai san girmansa ba, ko kuma wani ya yafe haƙƙin da ba nasa ba. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i, ya wajabta diyya a kisan kuskure sai idan masu haƙƙi sun bar ta sadaka. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun ƙayyade ta a kan raƙuma 100 ko dinare 1,000, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya kuma rabin haka. Diyyar nan dukiya ce ta magada, ana raba ta kamar gado. Baligi yana iya barin rabonsa. Amma baffan da ya tashi a zaman makoki ya ce "mun bar wa Allah", alhali matar mamacin na cikin takaba, ga marayu ƙanana, da yawun wa ya yi magana? Kunya kan hana matar ta buɗe baki, yaran kuwa ba su da bakin ma.

Sannan akwai abin da kusan ba a ambata a kan wancan benci: inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa kowace mota da ke hawa titin ƙasar nan ta riƙe inshorar da za ta biya wanda ta yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, ta ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3, rauni da rasa rai kuwa ba a sa su cikin wannan iyaka ba. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka ƙaddamar da kamen masu tuƙi ba ita. Ashe a lokuta da dama kuɗin da manomi ke jin nauyin karɓa ba daga aljihun direba za su fito ba, daga kamfanin da ya karɓi kuɗi musamman domin irin wannan rana za su fito. Direba ya ɗauki takardar a matsayin abin nuna wa jami'an hanya, manomi bai san da ita ba, kamfani kuma ba zai biyo kowa ƙauye da kuɗi ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Na san za ku ce takardun bogi sun yi yawa. Gaskiya ne, kuma hakan ma dalili ne na a samu mai ilimin doka a wurin tun da wuri. Ana iya bincika lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora ta wayar hannu cikin ɗan lokaci. Idan takardar ta jabu ce, alhaki ya koma kan mai mota, domin doka na kama ubangida da sakacin direbansa muddin a bakin aiki ya yi shi. Idan kuma direba ya buge ya gudu, dokar inshora ta 2003 ta tanadi asusun biyan waɗanda motar da ba a gane ba, ko marar inshora, ta kashe ko ta naƙasa. Sai dai an sa hannu a sabuwar dokar inshora a 2025. Ku ne ya kamata ku zauna da NAICOM ku fitar da bayani da Hausa, boko da ajami, kan yadda talaka zai nemi wannan haƙƙi yanzu, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Masu ƙyamar inshora saboda addini kuma a sanar da su cewa tun 2013 aka fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanonin da ke yin ta.

Ranku ya daɗe, ba alfarma nake roƙa ba. An kafa hukumarku a 1976, kuma dokar 2011 da kuke aiki da ita ta sa neman diyyar haɗari cikin shari'un da za ku tsaya wa wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Na san hankalinku ya fi karkata ga masu jiran shari'a a gidajen yari, na san lauyoyinku kaɗan ne, kuɗin aiki ma haka. Amma ofishin da ke babban birnin jiha bai da amfani ga mutumin da ke kwance da kara ɗaure a ƙafa, wanda kuɗin motar zuwa birni ma sai an ranto.

Shawarata ita ce ku je inda manomi yake, ranar da yake taruwa. Kowane gari mai noma yana da ranar kasuwa. Tebur ɗaya a ƙofar fadar hakimi ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, da lauya mai yi wa ƙasa hidima ko mataimakin lauya da kuka horar, da lambar waya a rubuce a bangon babban asibiti da ofishin 'yan sanda da tasha, ya isa a fara. Hannuwa ba su yi ƙaranci kamar yadda ake zato ba. Makarantar Horon Lauyoyi tana da reshe a Bagauda, a tsakiyar yankin noman ranin da nake magana a kai. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello na yaye ɗaliban shari'a duk shekara, da yawansu 'ya'yan waɗannan garuruwa ne. Lauyan da ke neman muƙamin babban lauya (SAN) kuma ana buƙatar ya nuna shari'un da ya yi wa marasa ƙarfi kyauta. Me zai hana rassan ƙungiyarku su tura irin waɗannan manyan lauyoyi ga fayil ɗin manomi?

Abin da lauyan ko mataimakin da ke wancan tebur zai yi a makon farko shi ne kusan dukan aikin. Ya ɗauki lambar mota da sunan kamfanin inshora kafin a sake ta. Ya nemi kwafin rahoton 'yan sanda da zanen wurin da abin ya faru. Ya rubuta sunayen shaidu tun mai shayi da mai faci na bakin titi ba su manta ba. Ya gaya wa dangi su adana kowane rasit da hoton ƙashi, kuma ko da gidan mai ɗori za su, su fara biyawa ta asibiti a rubuta raunin, domin kotu da kamfani takardar likita suke dubawa. Idan asibiti ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa mai jini a jika, ya tuna musu cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hakan. Ya kuma kula da wa'adi, domin kowace jiha tana da iyakar lokacin shigar da ƙara, idan kuma motar hukuma ce wata uku kacal na iya rufe ƙofa. Wata uku a wurin mai karayar cinya, bai ma fara dogara sanda ba.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙon ku zurfafa tunani, wato yadda za a tabbatar da asarar manomi a gaban alƙali. Kotu na son hujja dalla-dalla kan kowace naira da aka ce an yi asara, manomi kuwa ba ya da takardar albashi. Amma yana da dagaci da ya san faɗin gonarsa, da malamin gona da ya san abin da kadada ke bayarwa a yankin, da dillalin da ya saba sayar masa da buhuna, da mai shagon da ya ba shi taki bashi ya rubuta a littafi. Ku tsara hanyar tattara irin wannan shaida ku koya wa ƙananan lauyoyi. Haka wajen auna ko ya cancanci taimakonku: wanda aka auna samunsa a watan Nuwamba zai yi kama da mai hali, alhali abin da ke rumbun nan shi zai kai gidan har wata kakar. A raba shi bisa wata goma sha biyu da yawan bakunan da ke ci.

Kada kuma a sallami mutum don yana da nasa laifin. Wanda ya hau babur su uku, ko ya tsallaka ba tare da dubawa ba, doka na rage masa diyya gwargwadon sakacinsa, ba ta soke ta ɗungurungum.

Ba cewa nake kowace magana sai ta je kotu ba. Mutanenmu na gudun shari'ar da za ta ci shekaru, kuma suna da hujja. A ci gaba da sulhu, da mai unguwa da liman da shugaban tasha, amma a ƙara kujeru: ta mai ciwon ko matar mamacin, ta wakilin kamfanin inshora, da ta wanda ya san doka. A karanta takardar da Hausa kowa ya ji, kuma kada a rubuta cewa magana ta ƙare sai likita ya faɗi matsayin raunin. Ku nemi kwamishinonin 'yan sanda na jihohi su umarci kowane DPO ya kira lambarku duk lokacin da aka kawo haɗarin da aka rasa rai ko gaɓa, kafin a saki mota. Ku nemi majalisun sarakuna su isar da wannan ga hakimai da dagatai, malamai kuma su yi huɗuba a kan haƙƙin maraya a cikin diyya. Ku fara da ƙaramar hukuma ɗaya a kan titin Kano zuwa Zariya kafin kakar tumatir mai zuwa, ku buga sakamakon kowa ya gani.

Allah Ya yi muku jagora.