Don Maɓalli Guda Kada a Yar da Na'ura

Jama'a, ina so in jawo hankalinmu ga wata ɗabi'a da ta shige mu, watau da zarar kaya ya sami 'yar matsala sai mu ce ya mutu, mu jefa shi sito, mu jira a sayo sabo. Ni a ganina wannan asara ce, kuma ba ta dace da wanda ke shirin zama malami ba.

Bari in ba da misali da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai suna TRS-80 Model 100. Kamfanin Tandy na Amurka ya fito da ita a 1983, amma kamfanin Kyocera na Japan ne ya ƙera ta. Nauyinta bai kai kilo 2 ba, ƙananan batura 4 su kan riƙe ta kamar awa 20, fuskarta kuwa layi 8 kaɗai ta ke nunawa, kowane layi harafi 40. 'Yan jaridun wancan zamani sun so ta ainun, domin su kan rubuta labari a inda abu ya faru su aika ta wayar tarho. Yau ta haura shekara 40, amma har yanzu akwai masu gyara ta suna aiki da ita.

To, a ce maɓallin harafin A ya daina bugawa. Ga Bahaushe wannan babbar magana ce, don ko "Baba" ba zai iya rubutawa ba. Mai gaggawa zai ce na'ura ta tashi aiki. Mai hankali kuwa sai ya zauna ya yi tambaya. Maɓallan nan an jera su ne bisa wayoyi na tsaye da na kwance, kamar saƙar tabarma, kowane maɓalli yana zaune a inda biyu suka gitta. In aka danna shi sai ya haɗa su, na'ura ta gane harafin da a ke nufi. Saboda haka in maɓallai da yawa da ke kan waya guda suka mutu tare, laifin yana ga wayar ko ga mahaɗinta. In kuwa guda ne tak, laifin yana ƙarƙashinsa: ko ƙura ta shiga, ko bakin ƙarfen ya yi tsatsa, ko dalmar da ta liƙe shi ta tsage.

Sa'an nan a kashe na'ura, a cire batura, a kwance murfi, a adana kusoshi cikin faranti kada su ɓace. A ɗiga ruwan sifirit kaɗan, a yi ta danna maɓallin har dattin ya saki, a bar shi ya bushe. In bai tashi ba, a auna ƙafafunsa da mita a ga ko wuta na wucewa in an danna. In ba ta wucewa, a narkar da dalmar a ɗora wani, aikin da duk mai gyaran rediyo ya iya. Tun da an buɗe, a duba ɗan batirin da ke ciki mai riƙe rubutu, domin in ya tsufa ya kan zubo ruwa ya cinye wayoyi.

Na san wani zai ce, mene ne amfanin wahala a kan abin da wayar aljihunsa ta fi shi nesa ba kusa ba? Gaskiya ne ta fi shi. Amma tsohuwar na'ura ta fi kyaun koyo, don kome nata a fili ya ke, ido na gani, hannu na kai wa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a kan yi magani. Wanda ya iya binciko laifin maɓalli guda, gobe in yaro ya kasa lissafi a ajinsa ba zai ce masa daƙiƙi ba. Zai nemi wurin da abin ya tsaya, ko a jadawalin sau ne, ko a aro, ya gyara nan.

Don haka ina roƙon shugabannin kwalejinmu su buɗe mana sito, a fito da kwamfutocin da aka ajiye, a kafa ƙungiyar gyara ran Asabar a ƙarƙashin malamin kimiyya. Sukudireba da mita da ƙarfen narkar da dalma ba su kai kuɗin sabuwar na'ura guda ba. Makarantun da za a tura mu kuwa ba lalle ne su sami sabo ba in tsohon ya tsaya. Allah ya ba mu haƙuri da basira, amin.