Raddi ga Mai Cewa Koko da Zuma Ba Ya Tayar da Suga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, wata murya ta karaɗe wayoyin mutanen Rogo, daga Zarewa har Gwangwan, inda wani mai magani yake yi wa masu ciwon suga fatawa kan karin kumallo. Da na yi niyyar kame bakina, sai na tarar da kawuna ya ɗauki maganar ya rungume.

Mai maganin ya ce koko ba shi da laifi muddin ba a zuba masa sukari ba. Malam, ka yi kuskure. Gero da dawa sitaci ne, shi kuwa sitaci da ya isa hanji sai ya narke ya zama gulukos ya shiga jini. Koko ma ya fi gaggawa, domin an jiƙa, an niƙa, an tace dusar da ke rage masa gudu an bai wa awaki, sannan aka dama shi ruwa-ruwa.

Ya ce a maye gurbin sukari da zuma ko mazarƙwaila. Haba Malam! Wa ya tashi a ƙasar nan bai ga yadda ake mazarƙwaila ba? Ruwan rake ake matsewa a dafa har ya daskare. Zuma kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne. Ya kafa hujja da Suratun Nahli, mu ma mun yi imani akwai waraka a cikin zuma. Sai dai Alƙur'anin nan, a Suratul A'araf, ya hana wuce iyaka a ci da sha, kuma iyakar mai ciwon suga daban take da ta mai lafiya. Na zauna gefen kawuna kan tabarma, ya shanye kwanon koko guda da zuma cokali uku. Bayan awa biyu muka huda masa yatsa muka auna sugansa. Likitoci suna son kada ma'aunin mai ciwon ya haura 10 mmol/L a wannan lokaci, nasa ya wuce nan nesa ba kusa ba, ga ƙishirwa, ga idanu sun yi nauyi.

Mai maganin ya ce ruwan shuwaka yana kashe zaƙi. Ba a harshe ake auna magani ba.

Mafi muni, ya ce wanda ya tsorata ya bar karyawa gaba ɗaya. Mai shan ƙwayar Daonil ko allurar insulin in ya zauna da yunwa, sugansa na iya faɗuwa har ya suma.

'Yan uwa, ku rage kwanon zuwa rabi. Ku fara da ƙosai, ƙwai ko gyaɗa kafin ku kurɓi kokon, sannan ku taka da ƙafa na minti goma zuwa sha biyar, ko da zuwa bakin gona ne. Ku auna bayan awa biyu, ku kai wa likitanku abin da na'urar ta nuna. Allah ya ba mu lafiya.