Ba mu da teku, amma hayaƙin jiragen ruwa ya shafe mu

Wani zai ce: mi ya haɗa ɗan Maraɗi da jirgin ruwa? To, leƙa butikin unguwarku. Buhun shinkafa, moto, salula, duk sai da suka keto teku suka sauka tashar Kwatano ko Lome kafin kamyo ya ɗauko su. Sama da kashi 80 cikin ɗari na hajar duniya ta ruwa take tafiya, kuma jiragen nan suna fitar da kusan kashi 3 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya.

Gyara yana yiwuwa, an gani. A 2020 hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta rage adadin farar wuta da aka yarda da shi cikin man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5. An yi ta kuka, amma jirage ba su tsaya ba. A Afrilun 2025 kuma aka amince da wani tsari: babban jirgin da ya wuce ƙa'ida zai biya dalar Amurka 100 ko 380 kan kowane tan na hayaƙin da ya yi ƙari. Sai ga Oktoba, Amurka ta matsa lamba har da barazana ga ƙasashen da ke goyon baya, aka ɗage zancen shekara guda.

Mu muna goyon bayan harajin. Wanda ya ga damanar 2024, inda ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, ba zai ce a bar hayaƙi ya ci gaba da tashi kyauta ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, kamfanin jirgi ba daga aljihunsa zai biya ba. Zai ɗora wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ɗora wa mai awo. Mu kuwa da ke ƙarshen hanya, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ke zagayawa ta Burkina Faso, kun san yadda farashi ya koma. Ke nan za mu biya sau biyu: a gona, da kuma a kasuwa.

Abin haushi, Nijar ba memba ba ce a IMO, ba mu da kujera inda za a raba kuɗin asusun. Ya kamata hukumominmu su haɗa kai da Mali, Burkina da Cadi, waɗanda su ma ba su da teku, su nemi a rubuta kason irin ƙasashenmu cikin tsarin tun kafin a sake zama a Landan.