Zuwa Ga Masu Sana'ar Ruwa Na Mayahi Da Kewaye: A Daina Ƙari Kan Saura

Ya ku ƴan'uwana ƴan garuwa, masu amalanken jaki da na shanu, da direbobin tankar ruwa, daga Mayahi zuwa Kanan Bakashe, Sarkin Hausa, Cake har Tasawa.

Ban zo koya muku ɗaurin ganga ko kora jaki ba. Wannan kun fi ni sani nesa ba kusa ba. Magana ɗaya ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce ta ɗan ruwan nan da ke kwana a gindin ganga, wanda da asuba ake kai wa famfo a cika sabo a kansa.

Na san hujjar. Ruwa kuɗi ne, kuma a ƙasar da ake jan guga da igiya mai gaba da yawa, zubar da ko moɗa guda yana kama da almubazzaranci. To amma ku dubi yadda gangar take. Bakin da ruwa ke fita bai taɓa zama daidai da ƙasanta ba, kullum akwai tsawon yatsa biyu ko uku da ba ya fita sai an karkata ta. Nan yashin rijiya ke kwanciya, nan ƙurar hunturu ke taruwa, nan tsatsa ke zuba in gangar ƙarfe ce. In aka cika sabo a kai, ƙarfin zubowar ruwan ya tayar da wannan laka ta gauraye da komai, sannan ta sake kwanciya ta jira gobe. Ganga na iya shekara tana aiki kullum ba a taɓa ganin gindinta a bushe ba.

Wanda ke shakka, ya wanke hannu ya shafa cikin jarkarsa da yatsa. Santsin nan da zai ji kamar yauƙin kuɓewa, gida ne da ƙwayoyin cuta suka gina wa kansu a jikin roba. Ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an goge. Jarka mai ruwan ɗorawa, irin ta man girki mai lita 25, in an ɗaga ta a rana ana hango koren gansakuka a kusurwoyinta da ƙarƙashin mariƙi, inda hannu ba ya kaiwa. Zafin watan Afrilu da Mayu shi ne abin da wannan santsi ya fi so, kuma a daidai lokacin ne cinikinku ya fi yawa, lokacin wanki ya fi ƙaranci.

Can Turai akwai masu motocin da ke da ɗaki da madafa a ciki. Sukan buɗe tankin ruwan motar su tsiyaye shi tas kafin sanyi ya shigo, don kada ruwan ya daskare ya fasa bututu. Su tsoron asarar bututu ne ya koya musu. Mu abin da ke cikin hatsari lafiyar ƴaƴan mutane ce.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwan alwala shi ne wanda launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma yana nan daram. Sai dai mai sayar da ruwan sha yana da ƙarin nauyi, domin ƙwayar kwalara ba ta canja ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa na iya zama garau, mai sanyi, mai daɗi, yana ɗauke da ita. Ba mu manta da 2018 ba, lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓulla a Madarunfa cikin damina, ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A 2021 ta sake dawowa. Mai rijiya ɗaya gidansa kawai yake shayarwa. Ku kuwa ganga ɗaya tana shiga gida goma kafin azahar.

Abin da nake roƙo bai da tsada. In an gama zagayen yamma, a karkata ganga har sai ɗigon ƙarshe ya fita, a bar bakinta a buɗe, a kife ta inda awaki da kaji ba za su kai gare ta ba, ta kwana tana shan iska. Ruwan da aka tsiyaye ba asara ba ne: a ba bishiyar ƙofar gida, a kai wa mai kwaɓa ƙasar tubali, a yayyafa wa tsakar gida. Kada dai a malalar da shi a gindin famfo, inda ya riga ya zama caɓi da kashin dabbobi.

Sau ɗaya a mako kuma, a yi wanki na gaske. Jarka a zuba mata ƴan tsakuwa masu sulɓi da sabulu da ɗan ruwa, a rufe a girgiza har hannu ya gaji, a ɗauraye sai kumfa ta ƙare. A guji yashi mai kaifi, yana karce roba, santsin kuwa a cikin karcen yake samun maɓoya. Bayan sabulu sai jabel, wato ruwan maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ku lura da jerin: a kan datti jabel ba ya aiki, laka ce ke cinye ƙarfinsa. Yana kuma buƙatar lokaci, aƙalla minti 30, ba a zuba a zubar nan take ba. Ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, wanda ya daɗe a rana a teburin mai shago ma ya riga ya yi sanyi, don haka ku je wurin jami'in tsabta a likita ya auna muku daidai gangarku. Kada a haɗa shi da wani maganin wanki. Masu gangar ƙarfe su ɗauraye sosai, domin yana ƙara mata tsatsa.

Akwai gangar da wanki ba ya gyara ta. Wadda ta taɓa ɗaukar gazuwal, fetur ko maganin ƙwarin gona ta fita daga sana'ar ruwan sha har abada, ko da mai sayar da ita a kasuwa ya rantse. Direban tanka da zai karɓi mota haya, ya tambayi abin da ta ɗauka kafin ta zo hannunsa, ya leƙa ta ƙofar sama da tocila, ya buɗe makunnin ƙasa a kan gangare ya ga abin da zai fito.

Sai tiyo, wanda shi ne ya fi ba ni haushi. A wanke ganga tas, sannan a jawo tiyon da ya kwana a ƙasa, bakinsa cike da turɓaya, a sa baki a zuƙa don ruwa ya taso, a cusa shi cikin randar mutane. A rataye shi sama, bakunansa biyu na kallon ƙasa, a riƙa ratsa shi da ruwan jabel ranar wanki. Haka murfi: tsumma da leda da ake toshe bakin jarka da su, ku maye su da murfin gaske, a ɗaure shi da zare a mariƙi don kada ya sake ɓata.

Ku da ke da shugabanni a bakin kowane famfo, ku zauna ku tsayar da ranar wanki guda, kowa ya yi a gaban kowa, don kada mai wanki ya ga abokinsa ya riga shi layi ya karaya. Ku kuma gaya wa matan gidajen da kuke kai wa ruwa su tsiyaye randa su wanke kafin ku iso, ko da hakan zai sa ku ɗan tsaya a zaure kuna jira.

Wassalam. Naku, wani mai sayen ruwa a hannunku.