Awon Igiya da Haƙƙin Hanya a Musulunci

Lokacin da aka kafa birnin Kufa a shekara ta 17 bayan hijira, zamanin Halifa Umar (RA), masallaci aka fara shatawa, sannan tituna masu faɗin zira'i 40 da lunguna masu zira'i 7. Zira'i bakwai shi ne hukuncin Manzon Allah (SAW) idan aka yi saɓani kan hanya, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Mu dubi unguwannin awon igiya a gefen Kano. Ana yanka gona fuloti-fuloti, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta. Wani lungun da ƙyar makara take wucewa. Tsadar haya ce ta koro talaka can, gidajen Kwankwasiyya da Amana kuwa sun fi ƙarfin aljihunsa.

Muna kira ga hukumar KNUPDA da masu unguwanni: a fitar da hanya kafin ciniki, a ware wa talaka fulotai masu rahusa. Mawadata su gina gidajen waƙafi. Dillalin da ya cinye taƙi ɗaya na hanya ya sani za a rataya masa shi ranar alƙiyama. Allah Ya sa mu gyara.