SHARHI: Miliyoyi ga 'yan wasa, bashi ga koci: Darasin da Kaduna za ta ɗauka kafin ta sake gina ƙwallonta

Duk lokacin da kasuwar 'yan wasa ta buɗe, hirar gidajen kallon ƙwallo a Malali da Unguwar Rimi da Kawo takan koma kan tambaya guda: wa aka saya, kuma nawa aka biya? Da wuya a ji an tambayi nawa ne albashin mai horarwa, balle a tambayi ko an biya shi. Wannan shirun yana cikin manyan dalilan da suka sa ƙungiyoyin ƙwallon Arewa ke tashi yau, su faɗi gobe.

Muhawarar ba ta tsaya a Najeriya ba. A Amurka, ƙungiyar wasan besbol ta Los Angeles Dodgers ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 700 ta shekara goma da Shohei Ohtani a Disambar 2023, alhali sabuwar yarjejeniyar kocinta Dave Roberts ta 2025 ba ta wuce kimanin dala miliyan takwas a shekara ba. Can ana jayayya ne a kan girman tazarar. A nan kuwa, ana jiran a ga ko kuɗin da aka rubuta a takarda zai shiga asusun mai shi.

Tarihin bashi

A Fabrairun 2013 Stephen Keshi ya ciyo wa Najeriya kofin nahiyar Afirka bayan shekara 19 ana jira. Kafin shekarar ta ƙare, ya fito yana kokawa cewa yana bin albashin watanni. Samson Siasia ya kai tawagar Najeriya gasar Olamfik ta Rio a 2016 yana bin albashin wata biyar, ya kuma dawo da lambar tagulla. Gab da gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023, Randy Waldrum ya ce bashin albashinsa ya taɓa kai wata 14.

Ko a ranar murna, sikelin bai daidaita ba. Da Super Falcons suka ci kofin Afirka a Yulin 2025, Shugaba Bola Tinubu ya yi alƙawarin kwatankwacin dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, da dala 50,000 ga kowane ɗaya daga cikin masu horarwa. Wato Justine Madugu, wanda da an yi rashin nasara shi za a fara ɗora wa laifi, ya tashi da rabin rabon 'yar wasan da ya ajiye a benci.

Akwai kuma bambanci tsakanin baƙo da ɗan gida. Bayan sallamar Gernot Rohr a Disambar 2021, ya kai ƙara FIFA, wadda ta umurci Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta biya shi kusan dala 378,000. Dokokin FIFA kan masu horarwa, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2021, sun ba koci damar ajiye aiki ya nemi diyya idan aka riƙe masa albashin wata biyu. Sai dai FIFA na sauraren rikicin da ya shafi ƙasa fiye da ɗaya ne. Kocin da aka haifa a Tudun Wada, yake horar da ƙungiyar jiharsa, sai dai ya kai kukansa ga kwamitin sasanci na cikin gida, inda ba kasafai yake da ƙarfin ja da gwamnatin da ta ɗauke shi ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu fifita kashe kuɗi kan 'yan wasa suna da abin faɗi. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya nuna cewa a Ingila, yawan albashin da ƙungiya ke biyan 'yan wasanta shi ne ke bayyana mafi yawan matsayinta a teburin gasa idan aka auna shekaru masu yawa. Ga shi kuma rayuwar ɗan wasa a fili gajeriya ce, rauni ɗaya na iya yanke ta. Su ma 'yan wasan ba su tsira daga bashi ba: a Nuwamban 2025, Super Eagles sun ƙaurace wa atisaye a Rabat saboda alawus ɗin da aka riƙe musu.

Amma lissafin Ingila ya ginu ne a kan ƙungiyoyi masu makarantun horar da yara, da masu farauto 'yan wasa, da likitoci, da masu nazarin bidiyo. A yawancin ƙungiyoyin Najeriya, koci ne ke ɗauke da rabin waɗannan ayyuka shi kaɗai. Shi ke zaɓo yaro daga filin unguwa, shi ke lallashin 'yan wasa idan albashi ya makara. Idan aka ba shi wa'adin wasa uku ko ya ci ko ya kama gabansa, ba zai saka ɗan shekara 18 a fili ba. Tsoffin hannu zai nema a sayo, kuɗin sayayya ya ƙaru, baɗi kuma sabon koci ya watsar da su ya nemi nasa. A ƙarshe an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Siyasa na da hannu a ciki. Mafi yawan ƙungiyoyin babbar gasar Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Bikin gabatar da sabbin 'yan wasa yana samar da hoto da tafi, amma biyan albashin koci a kan kari ba ya shiga labarai. Kuɗin kuwa na talakawa ne, kuma da wuya a ga ƙungiyar da ke wallafa yadda ta kashe su.

Abin da ya rage wa Kaduna

Kaduna ta san ɗaukaka. Ranchers Bees, inda Daniel Amokachi ya fara haskawa, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta kuma ci kofin WAFU a 1989. Kaduna United ta ɗauki Kofin Tarayya a 2010 a hannun Maurice Cooreman, ɗan ƙasar Beljiyam, sannan ta faɗo daga babbar gasa a 2014. Shigar ɗan wasan gaba Sadiq Umar da ɗan majalisar Kaduna ta Arewa, Bello El-Rufai, cikin mallakar Ranchers Bees ta farfaɗo da fatan magoya baya.

Adalci ga koci bai kai ga a daidaita albashinsa da na tauraron ƙungiya ba. Abubuwa uku sun wadatar: yarjejeniya ta aƙalla kaka biyu mai bayyana diyyar sallama, ware albashin masu horarwa na kaka guda kafin a sayi ɗan wasa ko ɗaya, da kuma hana duk ƙungiyar da koci ke bi bashi rajistar sabbin 'yan wasa har sai ta biya.

Matasan da ke bin diddigin kasafin kuɗin jiha suna da hurumin shiga maganar. Duk ƙungiyar da ke cin kuɗin gwamnati, Majalisar Dokokin Jiha na iya neman ta bayyana nawa ta kashe wajen sayen 'yan wasa, nawa ta biya masu horarwa, kuma wa ke bin ta bashi. A ranar gabatar da sabbin 'yan wasa ta gaba, ya dace wani ɗan jarida ya tambayi shugaban ƙungiya ranar da aka biya kocin da ke zaune kusa da shi albashinsa na ƙarshe.